Me ya sa Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta rufe ofishin binciken baƙin abubuwan sama, alhali ba ta gajiya da tunawa da 'yan mazan jiya?

Ɗalibin Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai da masana na wannan zaure a kan wani al'amari da ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya, kuma ina roƙon a yi mini uzuri idan tambayar ta yi kama da ta haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka.

A cikin karatun da nake yi kan yadda 'yan majalisar Birtaniya ke yi wa ministocin tsaro tambayoyi, na lura da batutuwa biyu da suke yawan dawowa shekara da shekaru. Na farko shi ne batun baƙin abubuwan da mutane ke cewa sun gani suna shawagi a sararin samaniya ba a san ko mene ne ba, waɗanda Turawa ke taƙaita sunansu da UFO. Na biyu shi ne batun bukukuwan tunawa da yaƙe-yaƙe da waɗanda suka mutu a cikinsu. A kan na farko, amsar gwamnati gajera ce kuma kusan kullum iri ɗaya: ta rufe ofishin da ke karɓar irin waɗannan rahotanni tun shekarar 2009, ba ta kuma da niyyar sake buɗe shi. A kan na biyu kuwa, duk watan Nuwamba sai ka ga Sarki da Firaminista da manyan hafsoshi sun fito sun yi layi a tsakiyar Landan, ga kuma manyan bukukuwan cika shekara 75 ko 80 da ake ta shiryawa da jiragen yaƙi da faretin sojoji.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, aikin ma'aikatar tsaro na farko ai kare ƙasa ne daga abin da ka iya zuwa, yaƙin da aka gama tun 1945 kuwa ba zai sake jefa wa kowa bam ba. To yaya za a yi hukumar da ke da hannu sake wajen tuna abin da ya wuce ta ce ba ta da lokacin duba abin da matuƙa jirage da 'yan sanda da talakawa ke cewa suna gani a samaniyarta? Shin rashin kuɗi ne, ko rashin sha'awa, ko kuwa akwai abin da aka sani ake rufewa? Ni dai a ganina ruwa ba ya tsami banza, amma na fi son in ji daga waɗanda suka fi ni sani.

Mai Bin Diddigi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗalibi, tambayarka tana da ma'ana, sai dai akwai wani zato a cikinta da ya kamata a fara gyarawa, wato zaton cewa gwamnatin ba ta taɓa dubawa ba. Ta duba, har ma ta shafe fiye da shekara hamsin tana dubawa, kuma rufe ofishin ya biyo bayan abin da wannan dogon dubawa ya haifar ne.

Tun a 1950 aka kafa wani ƙaramin kwamiti na masana da jami'an leƙen asiri, bisa shawarar Sir Henry Tizard wanda shi ne babban mai ba ma'aikatar shawara kan kimiyya a lokacin, domin nazarin abin da jaridu ke kira faifai masu tashi. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1951, inda ya ce ana iya mayar da rahotannin ga sanannun dalilai: taurari da al'amuran yanayi, kuskuren gane jirage ko balan-balan ko tsuntsaye, ruɗin ido da na tunani, da kuma ƙarya da gangan. A watan Yulin 1952, bayan hayaniyar da ta tashi a Amurka kan wasu abubuwa da na'urar rada ta nuna a saman Washinton, Winston Churchill da kansa, yana Firaminista, ya aika wa ministan sojan sama gajeriyar takarda yana tambayar mene ne gaskiyar wannan zance na faifai masu tashi. Amsar da aka ba shi ta jingina ne ga wancan bincike na 1951. Ka ga ke nan tambayar da kake yi a yau, shugaban gwamnati ya riga ka yin ta.

Daga nan aka ci gaba da karɓar rahotanni a wani ɗan ofishi da ke ƙarƙashin sashen sojan sama. Mutane da yawa suna zaton wani katafaren gini ne mai cike da na'urori, alhali tebur ne na ma'aikacin gwamnati wanda galibi yake da wasu ayyukan daban a kansa. Nick Pope, wanda ya fi kowa suna cikin waɗanda suka riƙe teburin, ya yi aikin ne daga 1991 zuwa 1994. Na karanta wasu daga cikin takardun bayan an sake su, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fom ɗin da ake cikewa. Yana tambayar rana da lokaci, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallon abin, da siffarsa da launinsa da ƙararsa, da inda mai kallon yake tsaye, da ko da ido ya gani ko da tabarau mai hangen nesa, da yanayin gari a daren. Sai ka ga wani ɗan sanda ya cike shi da rubutun hannu cikin dare, a ƙarshe kuma wani ma'aikaci ya mayar da wasiƙar godiya mai cewa ba a ga abin da ya shafi tsaron ƙasa ba. Wannan jimla ita ce ginshiƙin manufar baki ɗaya. Ma'aikatar ta sha nanata cewa ba ta ɗauki nauyin gano ko mene ne kowane haske da aka gani ba, kuma ba ta da wani ra'ayi a kan ko akwai halittu a wasu duniyoyi. Tambayarta guda ce tak: shin wani abokin gaba ya keta sararin samaniyar ƙasar?

Dole a tuna cewa mafi yawan waɗannan shekaru zamanin Yaƙin Cacar Baka ne, kuma abin da ake tsoro jirgin leƙen asiri ko makami mai linzami na Tarayyar Sobiyat ne. Da wannan tsoro ya lafa, sai hujjar ci gaba da teburin ta raunana. An yi wani bincike na sirri a sashen leƙen asirin tsaro da aka kammala a shekarar 2000, wanda aka fi sani da suna Condign, aka kuma sake shi a 2006 bisa dokar 'yancin samun bayanai. Ya yarda cewa mutane suna ganin abubuwa da gaske, amma ya danganta waɗanda ba a gane ba da al'amuran yanayi da ba a gama fahimta ba, musamman dunƙulen iska mai ɗauke da wutar lantarki, ya kuma ce babu shaidar cewa wani mai hankali ne ke sarrafa su. Masana kimiyya da yawa ba su gamsu da wannan bayani na dunƙulen iska ba, ni ma ban gamsu ba, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Abin da ya ƙarasa teburin shi ne yawan rahotanni. A 2009 an samu 643, kusan ninki uku na shekarar da ta gabace ta, kuma da yawansu bayanin jajayen fitilu ne masu tafiya a hankali a jere ba ƙara. A shekarun ne aka fara yayin sakin fitilun takarda irin na ƙasar Sin a wuraren biki. Ni kaina na taɓa tsayawa a bayan gida wani dare a Ingila ina kallon irinsu guda bakwai ko takwas suna ratsa sama shiru, gabana ya faɗi ƙwarai, sai da ɗaya ta mutu ta fara gangarowa kamar tsumma sannan na gane abin da nake kallo. Jami'ai suka rubuta wa ministan tsaro na lokacin, Bob Ainsworth, cewa a cikin fiye da shekara hamsin babu rahoto ko ɗaya da ya nuna barazana ga ƙasar, kuma aikin yana cin lokacin ma'aikata ba tare da amfanin tsaro ba. A watan Disamban 2009 aka rufe layin waya da adireshin da ake aika rahotanni.

Game da zargin rufa-rufa, daga 2008 zuwa 2013 an miƙa fayil sama da 200, masu shafuka kusan 52,000, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew, kowa yana iya karantawa. Wanda ya karanta zai tarar da gundura ta fi asiri yawa a cikinsu.

Uwar Marayu ta amsa:

Malam Mai Bin Diddigi ya yi bayani mai gamsarwa a kan ɓangaren sama, ni kuma zan taɓa ɓangaren tunawa, domin a nan ma ɗan'uwanmu mai tambaya ya ɗauki abin da ido ke gani a talabijin ya auna gwamnati da shi.

Gaskiya ne taron Lahadin Tunawa, wanda ake yi a Lahadi ta biyu ta watan Nuwamba, abu ne mai ratsa jiki. Na taɓa halarta sau ɗaya, na tsaya tun da sassafe cikin sanyi a gefen titin Whitehall. Da babban agogon majalisa ya fara buga ƙarfe goma sha ɗaya, aka harba igwa sau ɗaya, sai dubban mutane suka yi tsit na minti biyu, har kana jin motsin ganyen bishiya da tarin wani tsoho daga nesa. Bayan igwa ta biyu aka busa ƙaho, sannan aka fara ajiye furanni a gindin dutsen tunawa da ake kira Cenotaph, ma'ana kabarin da babu gawa a ciki. Tsarin ya samo asali ne daga yarjejeniyar tsagaita wuta ta ranar 11 ga Nuwamba 1918. Sarki George na Biyar ne ya nemi a yi shirun minti biyu na farko a 1919, a ranar 11 ga Nuwamba 1920 kuma aka buɗe dutsen da Edwin Lutyens ya zana, aka kuma binne sojan da ba a san sunansa ba a cocin Westminster Abbey a rana guda.

To amma wa ke biya? Taron na Whitehall ma'aikatar da ke kula da al'adu ce ke jagorantar shirya shi, sojoji suna kawo fareti da makaɗa. Jan furen fofi da kowa ke maƙalawa a ƙirji kuwa na ƙungiyar agajin tsofaffin sojoji ne ta Royal British Legion, wadda ta fara sayar da shi a 1921 don tara kuɗin taimako. Sannan daɗaɗɗiyar manufar gwamnatocin ƙasar, ko wace jam'iyya ce ke mulki, ita ce ba a gina abin tunawa da kuɗin baitulmali sai da gudummawar jama'a, in ban da wasu lokuta na musamman. Duk ɗan majalisar da ya tashi ya nemi a gina wa wata runduna abin tunawa, kusan wannan amsar yake samu, kuma a bushewa ba ta fi amsar da masu tambayar UFO ke samu ba.

Dubi matuƙa da ma'aikatan jiragen jefa bam na Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum 55,573 daga cikinsu suka mutu, amma saboda kunyar da aka ji bayan yaƙi game da ƙone biranen Jamus irin su Dresden da Hamburg, sai da aka kai 2012 kafin a buɗe musu abin tunawa a Green Park da ke Landan, kuma mafi yawan kuɗin daga masu ba da gudummawa ya fito. Ma'aikatan jiragen ruwan da suka yi jigilar kaya zuwa arewacin Rasha cikin ƙanƙara ba su samu lambar yabo tasu ta musamman ba sai 2013, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Sojoji 306 da rundunar ta harbe da hannunta a Yaƙin Duniya na Ɗaya bisa laifin gudu ko tsoro, waɗanda da yawansu a yau za a ce firgicin yaƙi ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, iyalansu sun yi shekaru suna roƙo ana ce musu ba za a sake rubuta tarihi ba, sai a 2006 aka yi musu afuwa a zamanin minista Des Browne.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na kaburbura. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth, wadda aka kafa a 1917, tana kula da sunayen mutum kusan miliyan 1.7 a ƙasashe sama da 150, kuma ƙa'idarta da take alfahari da ita ita ce a daidaita kowa a mutuwa, janar da kurtu dutse iri ɗaya. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da ita kanta ta kafa ya fitar da rahoto cewa ba a bi wannan ƙa'ida ba a kan waɗanda ba Turawa ba bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tsakanin mutum 45,000 da 54,000 an tuna da su ta hanyar da ba ta kai ta Turawa ba, sannan aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su ba sam, mafi yawansu 'yan Afirka ne, da yawa masu ɗaukar kaya ne a yaƙin Gabashin Afirka. Rahoton ya kawo maganar gwamnan mulkin mallaka na Gold Coast (Ghana ta yau) a 1923, wanda ya ce wai talakan ƙasar ba zai fahimci dutsen kabari ko ya ga darajarsa ba. Ministan tsaro Ben Wallace ya tashi a Majalisar Wakilai ya nemi gafara. An ɗauki shekara ɗari kafin a kai ga wannan.

Haka kuma rundunar da ta yi yaƙin Bama a ƙarƙashin Janar Slim, wadda a cikinta akwai Runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma da suka yi faɗa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, tun ana yaƙin sojojinta suke kiran kansu rundunar da aka manta. Bikin 8 ga Mayu na nasara a Turai ya daɗe yana shafe na 15 ga Agusta na nasara a kan Japan, ƙofofin tunawa da sojojin Afirka da Indiya da Karebiyan da ke titin Constitution Hill a Landan kuwa sai a 2002 aka buɗe su.

Saboda haka, ɗan'uwa, ni ban ga hukuma mai hannu sake a nan da hannu ƙulle a can ba. Hali ɗaya na gani a wurare biyu. Abin da ya riga ya zama al'ada ana yin sa da cikakken ado, abin da bai shiga al'ada ba kuma ana jinkirta shi har sai matsin lamba ya yi yawa.

Sarkin Shakka ya amsa:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, na ƙaru da bayaninki. Amma ina da ja da Malam Mai Bin Diddigi, domin ya karɓi hujjar ma'aikatar da sauƙin da ban yi zato ba.

Da farko, cewa ba a samu shaidar barazana ba a shekara hamsin ya dogara ne ga irin binciken da aka yi. Shi da kansa ya ce tebur ne na mutum ɗaya mai mayar da wasiƙun godiya. Wanda bai tona rijiya ba ai ba zai ce babu ruwa a ƙasa ba. Ɗauki abin da ya faru a dajin Rendlesham da ke gabashin Ingila a ƙarshen Disamban 1980, kusa da sansanonin Woodbridge da Bentwaters inda sojojin saman Amurka suke zaune. Mataimakin kwamandan sansanin, Laftanar Kanar Charles Halt, ya rubuta wa ma'aikatar takarda a watan Janairun 1981 yana bayanin fitilun da shi da mutanensa suka gani. Ni na karkata ga masu cewa hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Orford Ness da wani dutsen sama mai ci da wuta da ya faɗo a daren sun isa su bayyana mafi yawan abin. Amma Lord Hill-Norton, wanda ya taɓa zama babban hafsan hafsoshin ƙasar, ya kawo wata hujja da har yau ban ji an rushe ta ba: ko dai wani abu ya shiga kusa da sansanin soja, ko kuma manyan jami'an da ke gadin sansanin sun ruɗe har suna bin fitila cikin daji, kuma kowanne daga cikin biyun ya shafi tsaro.

Na biyu, duniya ta sauya tun 2009. Amurka ma ta bi wannan hanya, ta rufe shirinta na binciken UFO mai suna Blue Book a 1969 bayan tattara rahotanni 12,618, waɗanda 701 daga ciki suka rage ba a gane su ba. Amma ta dawo. Rahoton da ofishin daraktan leƙen asirinta ya fitar a watan Yunin 2021 ya duba al'amura 144, mafi yawansu daga matuƙan jiragen soja, ya iya bayyana guda ɗaya kacal da tabbaci. A 2022 ma'aikatar tsaronta ta kafa ofishi na musamman mai suna AARO. Ofishin ya ce a 2024 bai samu shaidar fasahar wata duniya ba, kuma wannan bai ba ni mamaki ba. Amfaninsa a wani wuri yake: ya cire wa matuƙi kunyar faɗin abin da ya gani. A watan Fabrairun 2023 an harbo balan-balan ɗin ƙasar Sin a gaɓar South Carolina bayan ya ratsa ƙasar, daga baya kuma jami'ai suka amsa cewa wasu irinsa sun wuce a shekarun baya ba a gane su ba a lokacin. Faransa kuwa tun 1977 take da ƙaramin sashe a hukumar binciken sararin samaniyarta mai karɓar irin waɗannan rahotanni yana wallafa sakamako.

A Birtaniya fa? A Disamban 2018 rahotannin jirage marasa matuƙa sun tsayar da filin jirgin Gatwick, aka soke tashi da saukar jirage kusan 1,000, matafiya kusan 140,000 suka rasa na yi, har yau kuma ba a hukunta kowa ba. A Nuwamban 2024 an ga irinsu a saman sansanonin Lakenheath da Mildenhall da Feltwell. Idan waɗannan ba baƙin abubuwa masu tashi ba ne da suka shafi tsaro, to ban san me za a kira da sunan ba. Duk da haka, da aka yi tambaya a Majalisar Dattawa a 2021 bayan fitar rahoton Amurka, ministar tsaro Baroness Goldie ta nuna cewa babu shirin yin makamancinsa.

Kuma tun da mai tambaya ya haɗa batun da yaƙi, a lura cewa a cikin yaƙin ma an sha ganin irin wannan abin. A daren 24 zuwa 25 ga Fabrairun 1942 an harba harsasan kakkaɓo jirgi sama da 1,400 a saman Los Angeles ba tare da an ga jirgin Japan ko ɗaya ba, sakataren sojan ruwa Frank Knox ya ce ƙararrawar ƙarya ce da firgicin yaƙi. A ƙarshen 1944 matuƙan jiragen dare na Amurka sun riƙa ba da rahoton ƙwallayen haske da ke bin jiragensu a kan iyakar Faransa da Jamus, suna zaton sabon makamin Jamusawa ne. Mutanen da ake ajiye wa furanni a yau, wasunsu sun taɓa kawo irin rahoton da ake ƙin karɓa.

Ɗalibin Tarihi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na janye zancen rufa-rufa, ko kuma in ce na rage masa ƙarfi, domin bayanin Hajiya ya nuna mini cewa jan ƙafa kaɗai ya isa ya haifar da abin da na ɗauka ɓoyewa ne. Saura tambaya ɗaya ga Malam Mai Bin Diddigi: idan yau matuƙin jirgin fasinja ya ga abin da bai gane ba a saman Ingila, ina rahotonsa zai tafi tun da an rufe teburin?

Mai Bin Diddigi ya sake amsawa:

Zai tafi inda ya saba tafiya tun kafin a rufe teburin, kuma wannan ita ce amsata ga Sarkin Shakka ma. Matuƙin zai gaya wa masu kula da zirga-zirgar jirage nan take. Idan abin ya matso kusa da jirginsa har ya zama haɗari, akwai hukumar da sojoji da farar hula suka haɗu a cikinta mai suna UK Airprox Board, wadda ke binciken duk kusantar da ta yi kama da za a yi karo, kuma a cikin rahotanninta da take wallafawa akwai waɗanda take rubuta cewa ba a gane abin ba. Idan kuwa na'urar rada ta nuna wani abu yana shigowa ba ya amsa kira, jiragen yaƙi samfurin Typhoon suna zaune cikin shiri dare da rana a sansanonin Lossiemouth da Coningsby, su ne kuma suke tashi su tari jiragen Rasha idan sun matso. Teburin da aka rufe na wasiƙun jama'a ne, bai taɓa zama shi ne idon ƙasar ba.

Inda na yarda da Sarkin Shakka shi ne cewa babu wuri guda da ake tara waɗannan rahotanni a jera su a kwatanta, ga shi kuma ƙananan jirage marasa matuƙa sun sa tsohuwar hujjar 2009 ta fara tsufa. Akwai kuma wani abu da ban ambata ba ɗazu wanda ya yi daidai da maganar Hajiya. Har zuwa 1967, ƙa'idar ma'aikatar ita ce a lalata fayil ɗin UFO duk bayan shekara biyar saboda ana ganin ba su da amfanin ajiyewa, shi ya sa mafi yawan takardun kafin 1962 suka salwanta, masu zargi kuma suka samu giɓin da suke cikewa da abin da suka ga dama. Masu binciken sunayen masu ɗaukar kayan Gabashin Afirka su ma da irin wannan giɓi suke fama, domin sunan da ba a rubuta ba a 1918, ko aka rubuta aka yar da takardar, sai an bi ma'ajiyar takardu ɗaya bayan ɗaya a Nairobi da Dar es Salaam da Landan ana tsintar abin da ya rage. Idan kana son ka fara karatu, Malam Ɗalibi, takardun Kew suna nan, takardar Halt shafi ɗaya ce kacal, rahoton kaburbura na 2021 kuma hukumar ta sa shi a shafinta na intanet kyauta.